Tarihin Yaƙi da Tsutsar Zuciyar Kare

A cikin cututtukan da ke kama kare akwai wata wadda ta daɗe tana ɗaure wa masana kai, ita ce tsutsar zuciya. Fara ce, siririya kamar taliya. Macen takan kai inci 10 zuwa 12, namijin kuwa wajen rabin haka. Mazauninta shi ne babbar jijiyar da ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa huhu, in kuma ta yi yawa sai ta gangaro ta cika ɗakin dama na zuciyar kanta. A nan takan zauna shekara 5 har zuwa 7 tana hayayyafa, kare yana yawo da ita ba wanda ya sani.

Da fari ba a ganin kome. Kare yana ci, yana sha, yana haushi kamar kullum. Sannu a hankali sai ya soma busasshen tari. In an fita farauta, wanda a da shi ne kan gaba sai ya koma baya, ya yi ɗan gudu kaɗan ya tsaya yana haki. Daga nan sai rama, cikinsa kuwa ya kumbura da ruwa, domin zuciya ta kasa tura jini yadda ya kamata. Wani ma ba ya kaiwa ga haka. Rana ɗaya tsutsotsin su dunƙule su toshe hanyar jini, fitsarinsa ya yi duhu, ya faɗi, kafin kwana biyu ko uku ya mutu.

Daga ranar da aka fara rubuta labarin wannan tsutsa zuwa ranar da aka sami rigakafinta mai sauƙi, shekara 361 aka yi. Mutanen ƙasashe da yawa sun sa hannu cikin aikin, wani ya kafa, wani ya ɗora. Abin da ya fi ban mamaki kuwa, maganin da ya tsare karnukan Turawa shi ne ya tsare idanun dubban talakawa a ƙauyukan bakin kogi na Afirka ta Yamma. Ga yadda abin ya gudana.

Waɗanda Suka Fara Ganinta

Labari mafi daɗewa da aka samu a rubuce daga ƙasar Italiya ya fito. A arewacin ƙasar akwai wani kogi da a ke kira Po. Kwarinsa ƙasa ce ta fadama da noman shinkafa, sauro kuwa ba a magana. A can ne wani basarake mai son farauta, sunansa Francesco Birago, ya wallafa littafi a kan sha'anin farauta a birnin Milan cikin 1626. A ciki ya ambaci wata tsutsa da a kan samu a zuciyar karnukan farauta in an fede su. Masana na baya sun ɗauka wannan tsutsa ce ya gani, gama har yau kwarin Po yana cikin wuraren da ta fi yawa a ƙasar Turai.

Bayan shekara 53, watau cikin 1679, wani likita na birnin Liyon a Faransa, mai suna Panthot, ya fede wata karya ya tarar da tsutsa 31 a ɗakin dama na zuciyarta. Ya rubuta abin da ya gani, amma daga shi har Birago ba wanda ya san ta inda ta shiga. Mutanen wannan zamani suna zaton tsutsa daga cikin jiki ta ke tsirowa da kanta, kamar yadda su ke zaton ruɓaɓɓen nama shi ke haifar da tsutsarsa. Wanda kuwa ya gaskata cuta daga ciki ta ke fitowa, ba zai nemi ƙofar da zai rufe mata ba.

Da madubin likita ya inganta, sai aka ga abin da ido ba ya gani. Cikin 1843 waɗansu masana biyu a Faransa, Gruby da Delafond, suka duba ɗigon jinin kare a ƙarƙashin madubi, suka ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin tsutsotsi suna wutsil-wutsil a tsakanin ƙwayoyin jini. Kowace ɗaya ba ta kai sulusin milimita ba. Daga baya aka gane irin waɗannan su ne 'ya'yan da manyan tsutsotsi ke zubawa cikin jini.

A Amurka kuwa, cikin 1847 wani likita mai suna Osborne ya ba da labarinta daga jihar Alabama, a kudancin ƙasar, inda zafi da damshi su ke da yawa. Cikin 1856 wani shaihin malami na birnin Filadalfiya, Joseph Leidy, ya siffanta ta filla-filla, ya raɗa mata suna da Latinanci, Filaria immitis, watau zare marar tausayi. Cikin 1911 waɗansu malaman makarantar likitan dabbobi ta Faransa, Railliet da Henry, suka gyara sunan ya koma Dirofilaria immitis. Ƙarin da suka yi ma'anarsa abin tsoro. Da wannan suna a ke kiranta har yanzu a littattafan likitoci ko'ina a duniya.

Yadda Aka Kama Sauro

To, an san tsutsa, an san 'ya'yanta, saura a san yadda ta ke barin wannan kare ta shiga wancan. Amsar ba ta wajen masu karnuka ta fito ba. Daga ƙasar Sin ta fito, ta hannun wani likitan mutane.

Patrick Manson mutumin Sikotilan ne. Cikin 1871 ya sauka a garin Amoy, wata tashar jiragen ruwa a gaɓar tekun Sin, yana aikin likita. Ya tarar da mutane da yawa suna fama da tundurmi, ciwon nan da ke kumbura ƙafa har ta yi kamar turmi. Mutanen wurin ba su yarda a fede gawa ba, saboda haka ya riƙa feɗe karnuka da tsuntsaye don ya koyi halin tsutsotsin jini, har ya ga tsutsar zuciya a karnukan garin. A jinin masu tundurmi kuma ya ga 'ya'yan wata tsutsa, 'yar'uwar ta kare. Sai ya yi tunani, lalle akwai wani mai shan jini da ke fitar da su daga jikin mutum.

Cikin 1877 ya gwada. Yana da wani mai kula masa da lambu, sunansa Hin Lo, wanda ke da 'ya'yan tsutsar a jininsa. Ya sa shi ya kwana a ɗakin da sauro ke shiga, da safe aka kama sauron da suka ƙoshi, aka zuba su a kwalabe. Kullum Manson ya ɗauki waɗansu ya fede a ƙarƙashin madubi. Ya ga cikin sauro bai narkar da 'ya'yan tsutsar ba, girma ma su ke yi, suna sake kama. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar ƙwaro mai shan jini yana renon cutar mutum a cikinsa.

Amma fa Manson ya yi kuskure ɗaya. Ya zaci sauro yakan mutu a kan ruwa, tsutsar ta fita, mutum ya sha ta. Sai cikin 1900 wani almajirinsa, George Low, ya ga tsutsar a cikin tsinken bakin sauro, aka gane da cizo ta ke komawa jikin mutum. A wannan shekara kuma Grassi da Noè a Italiya suka nuna tsutsar jinin karnuka ita ma a cikin sauro ta ke girma, sa'an nan Thomas Bancroft a Ostiraliya ya ƙara tabbatar da haka game da tsutsar zuciya. Daga nan asirin sauro ya tonu.

Tafiyar Tsutsa a Jikin Kare

Duk da haka akwai abin da ya saura a duhu. Daga ranar da sauro ya ciji kare zuwa ranar da 'ya'yan tsutsa za su bayyana a jininsa akan yi wata 6 ko 7. Ina tsutsar ta ke ɓuya duk wannan lokaci? Waɗansu masana biyu na Japan, Kume da Itagaki, su suka bi sawunta, suka bayyana abin da suka gani cikin 1955. Da aka haɗa aikinsu da na waɗanda suka biyo baya, ga abin da ya tabbata.

Sauro ya ciji kare mai cuta ya zuƙi jini tare da 'ya'yan tsutsa. A cikinsa za su yi saɓa sau biyu. In zafin gari ya kai digiri 27 a ma'aunin Salshiyas, kwana 10 zuwa 14 ya ishe su. In sanyi ya sauko ƙasa da digiri 14, sai girmansu ya tsaya cik. Wannan shi ya sa cutar ta fi ƙarfi a ƙasashe masu zafi da ruwa. Da sun ƙosa sai su tattaru a bakin sauro. Sa'ad da ya sake cizon wani kare, sai su zubo a kan fata cikin ɗan ɗigon ruwa, su bi ta hudar da ya yi su shige.

Wata biyu na farko a ƙarƙashin fata da tsakanin tsoka su ke, suna tafiya suna girma. A wannan lokaci ba su da ƙarfi, magani kaɗan ya isa ya kashe su. Tsakanin kwana 70 da 120 sai su faɗa cikin jijiya, jini ya kwashe su ya kai su jijiyoyin huhu. A nan su ke balaga, su yi barbara, mace ta soma zuba 'ya'ya. 'Ya'yan nan suna iya yin shekara 2 suna yawo cikin jini, amma ba za su taɓa girma ba sai sun bi ta cikin sauro. Saboda haka kare ba ya shafa wa kare wannan cuta ta cizo, ko ta cin abinci a kasko ɗaya.

Mai karatu ya riƙe wannan magana ta wata biyun farko, domin a kanta aka gina rigakafi duka. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Magani Mai Guba

Kafin a kai ga rigakafi, magani aka fara nema. A ƙarshen shekarun 1940 waɗansu masana biyu na Amurka, Otto da Maren, suka nuna wani magani da aka haɗa da gubar asenik yana kashe manyan tsutsotsi. Sunansa thiacetarsamide. Allura 4 a ke yi ta jijiya cikin kwana 2. Ya yi aiki wajen shekara 45, amma mugun magani ne. Yakan taɓa hanta da ƙoda, in kuma ya tsiyaya waje da jijiya sai fatar wurin ta ruɓe.

Cikin 1995 aka yarda da wani sabo a Amurka, mai suna melarsomine, wanda a ke yi a tsokar gadon baya. Shi ma na asenik ne, dangin maganin ciwon barci da wani likitan Suwizalan, Ernst Friedheim, ya fitar cikin 1949. Da shi kuma a ke yi wa raƙuma maganin irin sammoren da ke kama su. Shi ne har yanzu maganin manyan tsutsotsin zuciya.

Amma wahalar ba ta guba kaɗai ba ce. Tsutsar ciki in ta mutu takan bi kashi ta fita. Tsutsar zuciya kuwa ba ta da ƙofar fita. In ta mutu sai jini ya tura gawarta cikin ƙananan jijiyoyin huhu, ta maƙale a can har jiki ya narkar da ita. Kare mai tsutsa 30 in aka kashe su gaba ɗaya, gawarwakinsu suna iya toshe huhunsa su kashe shi. Don haka a ke raba allurar uku: ɗaya tukuna, bayan wata guda a yi biyu a jere, kwana ɗaya tsakani. Kuma dole a tsare kare a ɗaki, ba gudu ba tsalle, har mako 6 zuwa 8 bayan ta ƙarshe. Wanda tsutsa ta riga ta toshe masa zuciya kuwa, sai dai likita ya tsaga jijiyar wuyansa ya zaro su da ɗan dogon hantsaki. Aikin yana cin kuɗi, yana cin lokaci, kuma ɓarnar da tsutsa ta riga ta yi wa jijiyoyin huhu ba duka ke gyaruwa ba.

Wajen gane cutar ma an sha faɗi-tashi. Cikin 1939 wani likita mai suna Knott ya fito da dabarar tace jini don a ga 'ya'yan tsutsa. Cikin 1956 Newton da Wright suka gano akwai wata tsutsa marar lahani, wadda ƙuma ke yaɗawa, 'ya'yanta sun yi kama da na tsutsar zuciya ƙwarai, har akan ɗauki wannan a matsayin waccan. Sai a shekarun 1980 aka sami awon jini da ke gane alamar da babbar mace ke saki, ko da babu 'ya'ya a jinin.

Rigakafi na Kullum

Rigakafi na farko daga Yaƙin Duniya na Biyu ya samo asali. Sojojin Amurka da yawa sun kamu da tsutsar tundurmi a tsibiran tekun Fasifik, aka dukufa neman magani. Cikin 1947 masanan kamfanin Lederle, a ƙarƙashin wani Ba'indiye mai suna Subbarow, suka fito da diethylcarbamazine. Shi ne wanda aka sani a asibitocin Afirka da sunan Banocide.

Bayan an san tafiyar tsutsa a jikin kare, sai aka gwada wannan magani a kan ƙananan da sauro ya zuba, aka ga yana kashe su. A shekarun 1960 da 1970 ya zama abin dogaron masu karnuka a Amurka da Japan da Ostiraliya. Amma yana da aibi biyu. Na ɗaya, kullum a ke ba da shi, tun daga farkon lokacin sauro har bayan wucewarsa da wata biyu. In mai kare ya manta kwana biyu ko uku, tsutsa na iya tsallakewa. Na biyu, in aka ba karen da ya riga ya ke da 'ya'yan tsutsa a jini, yana iya sumewa nan take, wani ma ya mutu. Tun daga nan likitocin dabbobi suka kafa ƙa'ida: a auna jini kafin a soma rigakafi.

A cikin waɗannan shekaru cutar ta yi ta bazuwa a Amurka. A da ciwon gaɓar teku ta kudu ne, amma mutane suna ƙaura da karnukansu, ga kuma kyarkeci da yanyawa da wani irin dila na can suna ɗauke da ita a daji. Cikin 1974 likitocin dabbobi da masana suka kafa ƙungiya musamman don wannan cuta, ita ke fitar da ƙa'idodin da a ke bi. Yanzu babu jiha cikin jihohin Amurka 50 da ba a sami kare mai ita ba.

Maganin da Ya Fito Daga Ƙasa

A birnin Tokyo akwai wata cibiyar bincike mai suna Kitasato. Wani masaninta, Satoshi Omura, sana'arsa ita ce tara ƙasa. Duk inda ya je yakan ɗebi 'yar ƙasa a leda, domin a cikin ƙasa akwai ƙwayoyin halitta iri-iri da ke yin sinadarai don kare kansu, daga irinsu kuwa aka sami magunguna da dama. Cikin 1973 aka ɗebo ƙasa kusa da wani filin wasan golf a Kawana, a lardin Shizuoka. Aka raini ƙwayar da ke ciki, aka aika da ita kamfanin Merck a Amurka cikin 1974 tare da waɗansu.

A can akwai wani masanin tsutsotsi, William Campbell, haifaffen ƙasar Ailan. Cikin 1975 aka zuba abin da ƙwayar nan ta fitar a abincin ɓeraye masu tsutsar ciki, sai tsutsa ta ƙare sarai. Aka tace sinadarin, aka ɗan gyara shi, aka sa masa suna ivermectin. Aikinsa shi ne ya shanye jikin tsutsa, ta kasa motsi, ta kasa ci. Cikin 1981 aka soma sayar da shi don dabbobi, makiyaya suka karɓe shi hannu biyu-biyu.

Da aka gwada shi a kan tsutsar zuciya, sai aka ga ƙananan nan na ƙarƙashin fata ba su jure masa ko kaɗan. In aka raba giram ɗaya kashi miliyan, kashi 6 sun isa ga kowane kilo na nauyin kare. Cikin 1987 aka fitar da shi da sunan Heartgard, ƙwaya ɗaya a wata. Mai karatu ya lura, wannan ƙwaya ba gaba ta ke tsarewa ba, baya ta ke sharewa. Ba ta hana sauro cizo, ba ta kuwa daɗewa a jiki. Abin da ta ke yi shi ne ta kashe duk ƙananan da suka shiga cikin watan da ya wuce, tun ba su kai jijiya ba.

Bayansa 'yan'uwansa suka biyo. Milbemycin ya fito cikin 1990, selamectin da a ke ɗigawa a ƙeya cikin 1999. Cikin 2001 aka fitar da allurar moxidectin mai tsare kare wata 6 a Amurka. Aka janye ta cikin 2004 saboda ƙorafin illa, aka dawo da ita cikin 2008 bisa sharuɗɗa, sa'an nan cikin 2019 aka yarda da mai tsare shekara guda.

Allura Ta Tono Garma

A ƙasashen Afirka ta Yamma akwai wata cuta ta bakin kogi. Wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu shi ke yaɗa ta. Tsutsarta 'yar'uwar tsutsar zuciyar kare ce, amma a ƙarƙashin fatar mutum ta ke zama, 'ya'yanta su jawo ƙaiƙayi mai tsanani, su shiga ido su makantar. Akwai ƙauyukan da aka watse aka bar gonaki masu albarka saboda ita. Banocide yana kashe 'ya'yan, amma da irin zafin da ke ƙara ɓata ido.

Campbell ya lura ivermectin yana kashe 'ya'yan wata tsutsa irin wannan a jikin doki. Cikin 1978 ya ba da shawara a gwada shi ga mutane. Cikin 1981 wani likitan kamfanin, Mohammed Aziz, mutumin Bangaladash, ya gwada shi a kan mutum 32 a birnin Dakar na Sanagal, aka ga ya yi aiki ba tare da wannan zafi ba. Matsalar da ta saura ita ce masu bukatarsa ba su da kuɗin saye. Cikin Oktoba 1987, shekarar da ƙwayar karnuka ta fito, shugaban kamfanin, Roy Vagelos, ya yi shela za a ba da maganin kyauta, da sunan Mectizan, ga duk mai bukata har ran da cutar ta ƙare.

Tun daga 1995 aka shirya rabonsa ta hannun mutanen gari da kansu a Nijeriya da Kamaru da Cadi da Sudan da waɗansu ƙasashe. Mai rabo yakan zo da sandar awo, ya auna tsawon mutum, ya ba shi ƙwayoyi gwargwadon tsawonsa. Cikin 2015 aka ba Omura da Campbell kyautar Nobel ta likitanci, tare da Tu Youyou ta ƙasar Sin wadda ta gano maganin zazzaɓin cizon sauro. Ran 30 ga Janairu 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Jamhuriyar Nijar ta rabu da wannan makanta, bayan shekaru na feshin koguna da rabon magani. Ita ce ta fari a Afirka, ta biyar a duniya.

Tsutsa Ta Sake Dabara

A wajen karnuka kuwa yaƙi bai ƙare ba. Cikin 1995 masana a Milan suka tabbatar akwai wata ƙwayar cuta mai suna Wolbachia da ke zaune a cikin tsutsar kanta, tsutsar kuma ba ta iya hayayyafa sosai sai da ita. Saboda haka yanzu kafin allurar asenik akan ba kare doxycycline har mako 4, ya kashe wannan ƙwaya, tsutsa ta raunana, gawarta kuma ta rage ɓarna a huhu. Wannan ci gaba ne.

Amma cikin Agusta 2005 guguwar Katrina ta afka wa jihar Luwiziyana da maƙwabtanta, inda cutar ta fi ƙarfi. Aka kwashi dubban karnukan da suka rasa gida aka rarraba su cikin sauran jihohi da Kanada, da yawansu kuwa suna ɗauke da tsutsa. A wajen wannan lokaci kuma aka soma jin kukan likitoci daga kwarin kogin Misisipi, cewa ga karnuka suna shan ƙwaya a kan kari amma suna kamuwa. Da fari aka ɗora laifin a kan mantuwar masu su, kuma lalle mantuwa ita ce sanadin mafi yawa. Amma zuwa 2014 bincike ya tabbatar akwai wani iri na tsutsar da ya soma jure wa maganin. Abin damuwa shi ne duk magungunan rigakafin nan gida ɗaya suka fito, wadda ta jure wa ɗaya tana iya jure wa sauran. Don haka aka koma ga tsohon abokin gaba, ana haɗa ƙwaya da maganin korar sauro, ana kawar da ruwan da ke kwanciya kusa da gida.

Abin da Aka Koya

Ƙa'idodin da likitocin dabbobi ke bi yanzu, kowace ɗaya da wahalar da ta haife ta. Kwikwiyo akan soma masa rigakafi kafin ya wuce mako 8. Karen da ya kai wata 7 sai an auna jininsa tukuna, domin ƙwayar wata-wata ba maganin manyan tsutsotsi ba ce. Awon kuwa ba ya ganin tsutsar da ba ta balaga ba, shi ya sa a ke maimaita shi kowace shekara. A ƙasar da sauro ba ya yankewa, rigakafi ma ba ya yankewa.

Akwai kuma gargaɗi ga wanda zai ɗauko ivermectin na shanu ya ɗirka wa karensa. Abin da a ke yi wa sa a kowane kilo ya ninka na rigakafin kare fiye da sau 30. Karen da ya kai kilo 20, abin da ya ke bukata daga kwalbar shanu bai kai ɗigo guda ba. Waɗansu karnukan kiwon tumaki na Turai, irin su koli, suna da wani rauni na gado wanda Katrina Mealey ta gano cikin 2001, in maganin ya yi yawa sai ya hau musu ƙwaƙwalwa, su yi ta makyarkyata, su sume. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, wannan awo na likita ne.

Kyanwa ma takan kamu, ko da ya ke tsutsa ɗaya zuwa uku kaɗai ke girma a jikinta, amma ita allurar asenik ba ta karɓe ta ba, rigakafi ne kaɗai gatanta. Mutum kuwa in sauro ya sa masa, tsutsar ba ta balaga, takan mutu a huhu ta bar ɗan ƙulli kamar kwabo, wanda likita kan gani a hoton ƙirji ya zaci wani mugun ciwo ne.

Wannan shi ne taƙaitaccen tarihin tsutsar zuciyar kare. Mafaraucin Italiya ya gan ta, malamin Filadalfiya ya raɗa mata suna, likitan Amoy ya nuna mai kawo ta, masanan Japan suka gano lokacin rauninta, ƙasar Kawana ta ba da maganinta. Abin da ya rage a hannun mai kare shi ne mafi sauƙi duka, kuma shi aka fi sakaci da shi, watau ya tuna da ranar ƙwaya in wata ya kama.